Ranar da Jirgin Ƙasa Ya Tsaya a Gonarmu ta Buza

Jama'a, na san abin da za ku fara cewa: ina Adar ina jirgin ƙasa? Gaskiyarku, daga Madawa har Keita babu ko taku guda na layin dogo. Amma wallahi abin nan a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin ina noma a ƙauyenmu da ke cikin kwari arewa da Buza, da rani kuma in bi motocin albasa.

Gidanmu su ne suka fara saran dajin wurin, shi ya sa tun zamanin da kakanni ba su salla, ba mai jefa iri a ƙasa sai babban gidanmu ya sari ramin farko. Yanzu duk mun musulunta, bisimilla kawai ake yi, amma al'adar tana nan. Babban gidan a lokacin shi ne wan mahaifina, Baba Illa, wanda ake kira Maidogo, don ƙuruciyarsa duk ya ƙarar da ita yana gyaran layin jirgin da ya tashi daga Abijan zuwa Wagadugu. Ni kam ina alfahari da shi, kuma ba na ɓoyewa. Ƙasarmu ba ta da jirgi, amma ku tambaya ku ji, gumin Adarawa yana ƙarƙashin dogon mutane da yawa.

Tsohon nan in ya zauna sai ya jero muku tashoshi kamar mai karatu: Abijan, Agbobil, Dimbokuro, Buwake, Katiyola, Farke, Banfora, Bobo, Kudugu, Waga, ya faɗa muku inda ake sayar da ayaba ta taga da inda jirgi ke nishi in zai hau tudu. Kuma ba ya tsayawa a Waga, sai ya zarce: Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Buza. Samari su fashe da dariya, su ce Baba ya shimfiɗa dogo da baki. Shi ko sai ya gyara hularsa ta aiki ya ce, "Ku yi ta dariya. Ni dai da jirgi za ni iso gida."

A shekarar ya koma Abijan wurin ɗansa Sani neman maganin ƙirji, da alkawarin zai dawo kafin damina. Sai ga ruwa ya sauko da wuri, ruwan kirki, ƙasa ta sha har ta ƙoshi, Baba kuwa yana hanya, an ce shi da Sani sun shiga jirgi. Kowa ya fito da sungumi da iri, amma ba mai sara. Wanda ya san Adar ya san danshinmu ba ya jiran kowa, in ya tsere maka ka yi ta kallon sama, wataƙila shekarar ta tafi ke nan.

Maigari ya same ni ya ce, "Kai ɗan gidan ne, tahi ka sara muna. In ƙasag ga ta bushe, mi za mu ba ɗiya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, babba na da rai, ni in sara?"

Ya ce in yi tunani kafin la'asar. Raina ya ɓaci, don na san in na ƙi yunwar gari a wuyana take, in na yarda kuma na binne tsoho da ransa. Na ɗauki sungumi da ƙwaryar hatsi na nufi gandun gidanmu da tsakar rana, ni kaɗai, ban ma san abin da zan yi ba.

Ina tsaye a bakin gona sai na ji kuka mai tsawo daga kudu, irin wanda na taɓa ji a tashar Bobo. Ba kukan mota ba ne, na san motoci. Ƙasa ta kama rawa a tafin ƙafata, jakin da ke ɗaure a gonar maƙwabci ya tsinke igiya, na ji ƙarfe na gugar ƙarfe yana lafawa a hankali har ya yi shiru, alhali idona bai ga komai ba sai duwatsu da rana. Sai ga Baba Illa ya ɓullo daga bayan gawon gonar, da hularsa, yana tafe garau kamar bai taɓa tari ba.

Na ce, "Baba, yaushe kunka iso?"

Ya ce, "Yanzu. Miƙo sungumi."

Bai ba ni hannu ba, ni ma ban lura ba sai daga baya, ƙamshin baƙin mai dai na ji a jikinsa. Ya yi bisimilla ya shiga sara, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige, ya kai ƙarshen gona ya juyo ya jera layi na biyu daf da na farko, a miƙe sambal. Ya ce, "Haka a ka aiki, ba karkace ba. Tahi ka ce ma gari su shibka."

Na ruga da murna ina shela, gari ya watse cikin gonaki. Da muka dawo da maigari don a yi masa barka da zuwa, babu Baba, sungumi ne kawai jingine a gawo. Ramukan suna nan, sawun ƙafata yana nan, nasa ko ɗaya babu. Daga gindin gawon kuma wasu zane biyu sun nutse cikin jiƙaƙƙen yashi sun miƙe kudu har inda dutse ya fara, faɗinsu daidai da layukan da ya sara.

Kafin magariba Sani ya kira waya yana kuka. Ya ce Baba ya cika a cikin jirgi wajen azahar, bayan sun bar Banfora ba su kai Bobo ba, kuma a Bobo za a yi masa sutura. Na tambaye shi ko ya bar wata magana. Ya ce tashoshi Baba yake ta jerowa, ya wuce Waga bai tsaya ba, da ya ce Buza sai ya yi murmushi ya ce, "Mun iso, sauke ni."

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce rana ce ta buge ni, to wa ya sari ramukan? Ni ban iya sara a miƙe haka ba, har yau. Hatsin shekarar ya ciyar da gari, ni ne kuma nake saran farko yanzu, kuma duk ranar sai tsigar jikina ta tashi in na juya wa gawon nan baya. Shawarata gare ku, in tsoho ya ce ga yadda zai dawo gida, ku riƙe dariyarku. In kuma wata rana kuna kwarin Buza da tsakar rana kuka ji kukan jirgi, ku yi masa fatiha, ku matsa gefe.