Yatsan Malam a Kan Gilashi

Jiya sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke haɗa sauran, ta daina ganin kwamfutocin reshen Batagarawa. Na duba waya, na duba komai, shiru. Can sai na tsinci yatsana a kan gilashin kwamfuta, ina karanta sabnet mas da baki, lambar nan da ke nuna wa saba iyakar gidanta. Sifili na tarar a gurbin 255, shi ya sa take neman Batagarawa a cikin gida.

Haka marigayi Malam, tsohon injiniyanmu, yake yi. Ranar da na kama aiki ya zaunar da ni gefensa, ɗakin sanyi ƙalau, rigarsa tana ƙamshin turaren wuta, yatsansa jawur da goro. Ya ce, "Ɗana, ido abin da kake so yake nuna maka. Karanta da baki, kunne ya shaida."

Da aiki ya dawo, shugabanmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, ina ka koyi wannan?"

Na ce, "Gogewa ce, ranka ya daɗe."

Sunan Malam yana bakina, na haɗiye shi. Tun jiyan nan na kasa haɗa ido da shatin yatsana a gilashin.

Allah Ya haskaka kabarinka, Malam, Ya biya ka yabon da na danne maka.