Shunin da Na Tarar a Tokushima

Daga Wakra zuwa Tokyo

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba matata Hadiza ta ɗauko ni daga gidanmu a Wakra, kusa da Doha, zuwa filin jirgi, tana ta yi mini tsiya, wai zan tsallake duniya don kallon tsofaffin tukwane. Kenji ne ya gayyace ni ƙasarsu, abokin aikina injiniya, wanda muka sha kallon gasar kofin duniya tare a Doha.

Sai dai da nauyi a raina na tafi. Mahaifina marini ne, ya rasu lokacin korona, jirage a tsaye, ko jana'izarsa ban samu ba. Yanzu ƙanena Sani yana son cike karofin tsohon, wato ramukan rininsa can gida, ya gina shago, ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a. Ni kuwa na gama shirin cewa to. Tun ina yaro nake jin kunyar shuɗɗan hannayen Baba in ya zo makarantarmu.

Tokyo

Awa goma muka yi a sama. Kenji ya tarbe ni, kowa da takunkumi har lokacin. Kwana biyu muna yawo. A gidan kimiyya na ga ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare, a gidan tarihi kuma takubba da sulke. Abincina bai wuce shinkafa da kifi ba, saboda gudun shubuha. Na yaba, amma babu abin da ya taɓa ni.

Tokushima

Ranar Talata ƙarfe bakwai na safe muka kama jirgin ƙasa, kusan awa uku zuwa Kobe, sannan awa biyu a bas ta kan gadar teku. Kenji ya ce akwai ƙaramin gidan tarihin rini a Tokushima, garin kakarsa. Da na san haka ne da na kawo uzuri.

Muna cire takalma a ƙofar gidan warin ya buge ni. Wallahi warin marinarmu ne sak. Wata tsohuwa mai kula da tukwanen rini ta tsoma yatsa cikin ruwan shuni ta ɗanɗana, kamar yadda Baba yake yi kowace safiya, abin da nake ɗauka ƙazanta ce. Ga ɗalibai sun kewaye ta suna rubutawa.

Ta miƙo mini safar hannu da ƙyalle. Na ajiye safar, na tsoma ƙyallen, na murza shi a ƙasan ruwa, na fito da shi ya sha iska. Ashe hannuna bai manta ba. Ta yi magana, Kenji ya fassara:

"Ta ce wa ya koya maka?"

"Babana."

"Ta ce a ina ake nuna aikinsa?"

Hawaye suka jiƙa takunkumin, tsohuwar ta kau da kai don kada in ji kunya.

Dawowa

Ranar Alhamis da hantsi na sauka Doha. Hadiza ta ga hannayena sun yi shuɗi har wuyan hannu, ta buɗe baki za ta yi tsiyar, sai ta fasa. Tun a mota na kira Sani.

"Kada ka taɓa karofin nan."

"Yaya, to wa zai yi rinin?"

"Ka nemo Malam Audu da suka yi aiki tare da Baba. Da hutu zan zo ya koya mini sauran."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kenji da tsohuwar da ban tambayi sunanta ba. Ranar Lahadi da aka koma aiki na shiga ofis a unguwar West Bay, na gaisa da kowa, ban ɓoye hannuna a aljihu ba.