Jirgin da Na Kasa Saukarwa

Da za a mayar da ni baya, abin da ba zan sake yi ba shi ne kulle na'urar wasan nan a akwatina.

Lokacin ina direba a wata ma'aikata a Birnin Kebbi. A wata tafiya da muka yi Legas na sayo ta, irin wadda ake jonawa da talabijin, da kaset ɗinta rawaya. Na ce don yara na saya, alhali ɗiyarmu ta fari ko yaye ta ba a yi ba. Wasan jirgin yaƙi ne, an ɗauko shi daga wani fim ɗin Turawa da na taɓa gani a gidan kallo. Kana kujerar matuƙi, jiragen abokan gaba na tasowa kamar ƙudaje, kana harbinsu. In ka gama, sai ka saukar da jirginka a kan wani ƙaton jirgin ruwa a tsakiyar teku.

Harbi kam na iya. Saukar ce ta gagare ni. Ko in zarce jirgin ruwan, ko in faɗa teku kafin in kai. Ni da nake kai manya Zuru da Yawuri ban taɓa buge ko akuya ba!

Matata 'yar Argungu ce, mahaifinta masunci. Takan zauna bakin ƙofa tana tsintar shinkafa tana kallo. Wata rana da na sake nutsewa ta ce, "Malam, ka cika gudu. Ka rage tun da nisa."

Na ce, "Ke mi kinka sani ga jirgi?"

Ta ce, "Na ruwa dai na sani."

Bayan kwana biyu na dawo daga aiki, na taɓa na'urar na ji ta da ɗumi. Na tambaye ta. Ba ta ɓoye ba, ta ce bayan azahar ta ɗan gwada, har ma ta saukar da jirgin. Tana faɗa tana murmushi, tana jiran in yi murna. Ni kuwa abin ya soke ni. Na ce wutar nan da ake kawowa ana ɗaukewa za ta ƙone mana kaya, na naɗe wayoyin na sa a akwati na kulle. Ba ta sake ɗaga maganar ba. Da na buɗe bayan shekaru, duk ta yi tsatsa. Na yi ta hura kaset ɗin, ko ɗigon hoto bai fito ba.

Sallar da ta wuce ɗiyar nan tamu, wadda yanzu take aure a unguwar Gesse, ta zo gaisuwa. Ta sha jin ina labarin wasan, sai ta nemo shi ta sa mini a waya. Kiɗan farko da na ji, na gane shi. Na harbe jiragen tas, na zo sauka, na faɗa teku kamar yadda na saba.

Na daɗe riƙe da wayar, sannan na miƙa wa matata. Na ce, "Hajiya, amshi."

Ta goge hannu da zane, ta sa tabarau. Karon farko ita ma ta nutse. Ta dube ni ta ce, "Hannun da anka kulle a akwati ai sai a hankali." Ɗiyarmu ba ta gane ba, ni na gane, na sunkuyar da kai. Karo na biyu jirgin ya zauna daram. Hajiya ta ce kamar kwalekwale ne, in ka hango gaɓa sai ka ɗaga filafili, ruwa ya ƙarasa da kai.

Yanzu bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Ni ne mai harbi, in an zo sauka in miƙa mata. Wani lokaci tana faɗa mini in yi sauri, tuwonta na kan wuta.

Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. In wani a gidanka ya fi ka iya abin da kake so, kada ka yi irin tawa. Matsa ka ba shi wuri ya zauna kusa da kai.