Kukan Ɗakin Haihuwa

Shekara talatin da ɗaya Iya Mai Shara ta yi tana share tsohon asibitin bakin titin jirgin ƙasa, wanda aka mayar gidan tarihi bayan an gina sabo. Manajoji sun zo sun wuce har ba ta riƙe fuskokinsu, ita kuwa tana nan da tsintsiyarta da bokitin roba mai tsagaggen baki. 'Yar firit ce, ga faɗa. Ka taka mata inda ta goge da takalmi mai laka, ranar sai ka gwammace ba ka fito daga gida ba.

Ginin ya yi suna, amma ba don tsofaffin almakasan da ke cikin gilashi ba. Ɗakin haihuwa na saman bene ne ya ja masa. Wajen ƙarfe huɗu na yamma sai a ji wani siririn sauti, kamar mace na kuka ba ta so a ji ta. Masu gadi biyu sun ajiye aiki a kansa. Baƙi kuwa su leƙa daga bakin ƙofa, su ɗauki hoto, su sauko a guje suna dariyar tsoro.

Iya kaɗai ke shiga, kuma da gangan take barin ɗakin sai ƙarshen aikinta, don sautin ya same ta a ciki. A nan aka haife ta. A gadon da ke jikin taga mahaifiyarta ta cika, tun kafin a gama wanke jaririyar. Gwaggon da ta rene ta ba ta da hoton marigayiyar ko ɗaya, abin da ta iya gaya mata kawai shi ne muryarta siririya ce. Iya ta san wanda ya mutu ba ya dawowa, ba sai wani ya koya mata ba. Duk da haka in kukan ya fara takan jingine tsintsiya, ta zauna a bakin gadon, ta yi ta ba da labarin ciwon gwiwarta da rashin jin jikokinta. Abin da ya rage mata na uwa ke nan, kuma tana son abinta.

Kwatsam sai ga masu farautar fatalwa, wata mai tabarau da mijinta dogo, da akwatuna cike da na'urori. Sana'arsu ke nan, bin tsofaffin gine-gine suna naɗar abin da suka ji, su sa wa jama'a a waya. Manaja ya ba su wuni guda.

"Iya, ɗan matsa mana," in ji mai tabarau. "Mu kafin mu kunna na'ura sai mun gano duk inda iska ke shigowa mun rufe. In an ji wani abu bayan nan, to ba iska ba ce."

"Ku dai kada ku bar mini datti," in ji Iya.

Dogon ya kunna kyandir yana bin bango a hankali, yana kallon harshen wutar. Yana isa saman taga kukan ya fara, wutar ta kwanta gefe guda. Ya hau tsani, ya ɓamɓare wani murfin ƙarfe da ya yi tsatsa. Ashe bututun shigar iska ne a bayansa, ya tsage tun ba yau ba. Ya ɗora tafin hannu a kai, kukan ya ɗauke. Ya ɗaga, ya dawo. Har sau uku ya yi yana washe baki, sai ka ce ya tsinci usur. Wallahi kaɗan ya hana Iya ta kwaɗa masa tsintsiya.

Manaja ya hauro yana murna. "Madalla! A toshe shi da siminti yau ɗin nan, ko na samu mai gadin da zai zauna." Ya sauka neman siminti.

Mai tabarau ce ta lura Iya ta zauna a bakin gado. Ta tsuguna a gabanta.

"Iya, lafiya?"

"A gadon nan uwata ta rasu. Ban taɓa jin muryarta ba."

Matar ta cire tabarau, kunya ta kama ta. "Ki yafe mana, ba mu sani ba. Bari in roƙi manaja a bar shi yadda yake. Ba za mu sa komai a waya ba."

Iya ta ɗaga kai ta dubi saman taga. Bututun na ta kukansa a samansu. Duk shekarun nan ita ke kawo ƙorafi, ita ke samun sauƙi ta tafi gida, ba ta taɓa tunanin halin da mai kukan ke ciki ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Bar shi ya toshe, 'yata," ta ce. "Iska ce, na gani da idona. Amma shekara sittin da biyu tana kuka a ɗakin nan. Ta huta haka."

Da kanta ta riƙe wa dogon tsani har ya gama shafe simintin. Ɗakin ya yi tsit. Ta share ɓurɓushin da ya zubo, ta kulle ƙofa, ta sauko. A tsakiyar matakala ta tsaya. Nan ta zauna, tsohuwa mai jikoki shida, ta yi kukan mutuwar uwarta da ƙarfi, ba ta damu da wa zai ji ba.