Goribar da Na Miƙa wa Manu

Da damunar bana Manu ya cika shekara goma sha ɗaya a kabari, Allah Ya jiƙansa. Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, masunci a Argungu. Duk shekara in an zo addu'a, dangi sukan ce ciwon haƙori ya kashe shi, ni kuma in sunkuyar da kai. Bana na ga ya kamata in faɗi sauran maganar.

Turmin haƙorinsa na dama ne ya yi kogo. Ya cusa kanumfari, ya cusa garin taba, bai samu sauƙi ba. Da abin ya hana shi jefa birgi, ragar kamun kifin nan mai dalma a baki, ya zo wurina Nasarawa a Birnin Kebbi, na kai shi gun likitan haƙori. Likitan ya goge ruɓar da injinsa, ya cike ramin da wani abu mai ruwan toka, sannan ya yi gargaɗi a hankali: kada a tauna komai ta wannan gefe sai gobe, a bar abu mai tauri kwana biyu, a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, in ciwo ko kumburi ya taso a dawo ba jinkiri. Manu ba ya karatun boko, saboda haka ni na rubuta masa waɗannan duka da ajami a bayan katinsa. Ba zan ce ban sani ba.

Da la'asar ranar muka isa Argungu, muka tarar da masunta a rumfar bakin gulbi suna gyaran koma. Kun san wasan taubasai: ka faɗi abin da ka ga dama, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na ce ya buɗe baki jama'a su gani.

"Ku duba," na ce, "an liƙa mai dalma awa birgi. In ya hwaɗa ruwa ba ya tasowa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Manu ya murmusa da rabin baki, don allurar ba ta gama sakinsa ba. An san shi da ɓare goriba da turamensa, sai na ɗauko guda a faifan mai talla na miƙa masa.

"Gwada muna haƙorin birni. Ko likita ya maishe ka tsohuwa, sai kunu?"

"Kai dai ba ka da kirki, Malamin banza," ya ce, ya karɓa.

Na ji ƙarar da kunnena. Ya tsaya cik, idonsa ya kawo ruwa, ya tofar da wani abu a ƙasa ya take da ƙafa. Aka sake fashewa da dariya, ni ne kan gaba.

Haƙorin ya tsage har ƙasa, amma bai faɗa mana ba. Komawa asibiti yana nufin a ce wasan taubashi ya kayar da shi, ga mutanen rumfa suna tsokanarsa kullum. Da kuncinsa ya kumbura, ya naɗe da rawani. Sai da kumburin ya sauka wuya, haɗiyar ruwa ta gagara, aka sako shi a mota. Likitan ya duba ya tambaya, "Me ya tauna?" Ina tsaye a wurin, na yi shiru. Kwana uku ya yi a gado, ya cika.

Yau a nan Jihar Kebbi cikon haƙori ba abin kallo ba ne. 'Yan makaranta sukan je a yi musu da safe, su yini kan koko da fura, ba mai ce musu uffan. Nakan ce da Manu ya ga haka, me zai ce? Ina jin dariya zai yi, ya ce ashe shi ya fara shiga ruwan tun ba a san zurfinsa ba. Ba mai riƙo ba ne. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Abin da ya bari ba shi da yawa: jirgin da ya ruɓe a bakin gulbi, 'ya'ya mata uku, da matarsa Hajo, wadda ta tsufa a ɗakinsa. Bara na yi ƙarfin hali na same ta tana sussukar shinkafa, na durƙusa na faɗa mata komai, na roƙi gafara. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Malam, na sani tun ran nan," ta ce. "Shi ya hwaɗa min, kuma ya ce ya yahe ma. Wannan tsakaninku na. Ni ban yahe ba. In za ka tashi, ka ja min ƙyauren, awaki na shigowa."

Na ja mata ƙyauren.