Awa Gudan da Na Ɓata

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin lafiya, wata Laraba ba za ta taɓa fita raina ba. A wani ƙaramin asibitin ƙauye nake a ƙasar Ɓaɓura, ni kaɗai: ni ne mai allura, ni ne mai ba da magani, har shara ni ne.

Akwai matar maƙwabcina da ta yi karatun ungozoma a Damagaram, ta daɗe tana karɓar haihuwa kafin aure ya kawo ta garinmu. Takardunta na Faransanci ne, lasisin aiki a nan kuwa kullum sai a ce ta ƙara haƙuri. Duk da haka da na aika take zuwa, kuma ta fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba. Wata rana masu duba aiki suka same ta sanye da safar hannu, suka ce in aka sake ganinta, in nemi wata sana'ar. Ni kuwa matsoraci ne, ba na ɓoyewa. Na ce ta daina zuwa.

Ran Larabar da hantsi aka kawo wata mata a amalanke, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Na yi mata allura, na ɗaura ruwa, ina ta juya gargaɗin nan a raina. Gidan ungozomar bai fi tafiyar minti biyar ba. Sai da na ga leɓen matar ya yi fari fat sannan na tura mijinta ya kirawo ungozomar.

Ta shigo da ƙullu a hannunta, ta wanke, ta danna marar matar.

"Malam, tun yaushe?"

"Yanzun nan," na ce.

Ta dubi zannuwan da ke jibge a daro sharkaf da jini, ta dube ni. Ta tsayar da jinin, amma wanda ya rage a jikin bai isa ba. Kafin mu kai babban asibiti matar ta cika. A wurin zaman makoki mijin har hannuna ya riƙe yana godiya, wai na yi iya ƙoƙarina.

Aikina bai taɓu ba, sai da na yi ritaya lafiya lau. Na san kwana na Allah ne, kuma ba na raina lasisi. Amma ranar na koyi cewa in rai na hannunka, wanda ya iya za ka kira, maganar takarda a yi ta daga baya. Ni sai da na ɓata awa guda, kuma har yau mutumin nan yana gaishe ni da girmamawa.