Hancin Kawu Arzika da Magazar Soja

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san ba ya wuce ƙasa bai shinshina ta ba. Kuna tafe kuna hira, sai ki waiga ki ga babu mutum. Yana can baya ya duƙa, ya ɗebo ƙasa da yatsu uku, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In kin tsaya jiransa ya ce, "Ɗiyata, nan an taɓa ɗaure raƙumi." To Kawu, sai mu yi yaya? Shi dai ya faɗa. Maganarsa guda ce, da ita ya tsufa: "Ƙasa ba ta mantuwa."

Wan innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara da shekaru shi ne gardin magazar soja da ke bakin garinmu, kan hanyar Filinge zuwa Abala, inda ake ajiyar mai da tayoyi da kayan gyaran mota. Da anka rufe wurin, sojoji sunka tattara nasu ya nasu sunka tafi, kowa ya ɗauka Kawu zai koma gona. Ina! Wai shi ba wanda ya ce masa ya sauka.

Ba a yi damina biyu ba wayar shingen ta bi gari, kowa ya yanki rabonsa ya kewaye awakinsa. Sai ƙofar ƙarfe ta rage tsaye ita kaɗai tsakiyar fili, hagu fayau, dama fayau. Amma kullum da safe Kawu sai ya buɗe ta, da la'asar ya rufe ya danna kwaɗo. Ranar da magajin gari ya zo ganin wurin, motarsa ta ratso ta gefe. Kawu ya tare ta da sanda.

"Ranka shi daɗe, ta ina kunka shigo?"

"Baba, ai ko'ina hanya ce."

"Ko'ina hanyar awaki ce. Mutum ta ƙofa yake shiga."

Wallahi sai da direba ya yi baya ya zagayo, Kawu ya buɗe, ya ƙame ya sara musu.

Sai zancen ganguna. Sojoji sun bar gangunan mai wofi birjik a bayan magaza, kowace mace ta sa musu ido. Innata ta same shi ta ce, "Yaya, ba ni guda in riƙa tara ruwa." Ya leƙa ciki, ya shinshina, ya ce ta dawo gobe. Da ta dawo da amalanke sai ta tarar ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya fasa gindinsu da gatari.

"Yaya! Ganga lafiyayya ka fasa?"

"Gara ganga ta yi zawo da ke ki yi."

Ya ɗauke su ya kifa wa 'yan itatuwan da ya dasa, gawo da bedi, don kada awaki su cinye. Inna ta yi wata cur ba ta aika masa fura ba. Yau ƙarƙashin inuwar itatuwan nan take zama tana tsinkar zogale, kuma har gobe cewa take gangarta ce ya ɓata.

Babbar rigimarmu da shi kuwa a kan hatsi ce. Ƙungiyar matan garinmu ta samu izni mu mayar da magazar bankin hatsi, mu tara gero da kaka, mu fito da shi tsakiyar damina, lokacin da rumbuna ke wofi, tiya ta fi ƙarfin talaka. Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ba. Kowacce cikinmu ta san abin da munka ajiye shi ne abin da 'ya'yanmu za su ci kafin sabon hatsi.

Ɗakuna uku ne. Guda babba, ƙasansa siminti sumul, kwanonsa ba huda ko ɗaya. Biyu ƙanana a baya, bango duk tsaga. Shugabarmu Hajiya Zali ta ce babban za mu zuba. Kawu ya shiga, ya ƙwaƙulo ƙasa daga wata tsaga a simintin, ya kai hanci.

"Gazuwal," ya ce, wato man dizal na manyan motoci.

"Haba Baba Arzika, sau uku munka wanke shi da sabulu."

"Fuska kunka wanke, Hajiya. Cikin yana nan."

Da ya ga ba mu ji ba, sai ya zuba dusa cikin ƙwarya uku, ya ajiye guda a kowane ɗaki, ya kulle har kwana bakwai. Ran na takwas ya jawo jakinsa, wani tsohon jaki da ya sayo kasuwar Baleyara ya raɗa masa Kafaran, wato kofur na soja, ya jera masa ƙoren. Mu kuwa mun taru muna dariya har da riƙe ciki. Kafaran ya cinye ta fari, ya cinye ta biyu. Da ya zo kan ta babban ɗaki sai ya shinshina, ya ɗaga kai sama ya yage leɓe, ya juya mata baya.

Hajiya ta ce, "Yanzu jaki ne injiniyanmu?"

"Shi dai ba ya jin kunyar kowa, Hajiya."

Ba zan ɓoye ba, ni bayan Hajiya nike. Wa ke son ɗaukar laka a kai ga ɗaki shiryayye? Amma Kawu ya shimfiɗa tabarma bakin babban ɗakin ya ce sai dai a tsallake shi. Haka munka yi ta yaɓen ƙananan muna ƙunƙuni, munka cika su maƙil. Ɗan abin da ya rage, Hajiya ta jira Juma'a Kawu ya tafi masallaci ta sa anka shigar babban ɗaki. Ni na riƙe mata ƙofa, Allah shi yafe mini.

Damina ta kankama, rumbuna sunka ƙare. Hajiya ta fara ɗibar na babban ɗaki don ta ba Kawu kunya, ta sa anka dama fura ta aika masa. Ko kurɓa bai yi ba, hanci kawai ya kai.

"Ku kai wa mai babbar mota, shi zuba a tanki."

Munka ɗanɗana. Wayyo Allah, gazuwal tsagwaronsa! Kaji ma tsallake shi sunka yi. Ranar ban yi dariya ba. Na dubi 'ya'yana na ji tsoro ƙwarai, don da duka munka zuba can, ban san abin da za mu sa a tukunya ba. Ƙananan ɗakunan nan da munka raina su sunka kai mu kaka.

Kuna tsammanin bai yi mana gori ba? Ya yi, har ya koma ga Allah yana yi. Duk inda ya haɗu da Hajiya sai ya ce, "Hajiya, Kafaran yana gaishe ki."

Babban ɗakin masu walda anka ba, suna ƙera amalanke, samarin da ke tafiya cin rani sun samu abin yi a gida. Lambunmu kuwa, Kawu ya shinshina ƙasa ya ja muna layi da diddige, can hayin layin munka yi shi, ruwan rijiyar garai. Bayan babban ɗaki har yau ciyawa ba ta fitowa, kuma ba mai haƙa ko ramin gyaɗa a wurin.

Bara bayan kaka ya rasu. Da maza sunka dawo daga maƙabarta, maigidana ya ce mini da anka gama haƙa, Idi mai walda ya duƙa ya ɗebo ƙasa da yatsu uku ya kai hanci, bai ma san ya yi ba. Sai ya ce, "Lafiyayya ce, ku sa shi." Wai mutane sunka fara murmushi, sannan kowa ya sunkuyar da kai yana share ido.

Kawu, har yau ta ƙofa muke shiga. Allah shi jiƙanka, shi yafe maka, shi sa ƙasar da kake ciki ta tuna maka alheri kaɗai. Amin.